Musayar Waƙa: Ba Rasit, Ba Biya

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Kuɗin goron da ake karɓa wajen rajistar abin hawa ya dame ni, shi ya sa na sa shi a baiti. Ina roƙon a amsa da baiti, amsa-amonmu kuwa "wa" ne.

Da sunan Allah Mai Rahama nake farawa,
Kan lambar mota da halin da muke shan wuya wajen karɓowa.
Talaka ya ci bashi ya sayi Adaidaita Sahu
Domin iyalinsa su sami abin ci da suturar sawa,
Ya je neman lamba da takardu,
Ɗan kamasho ya tare shi a ƙofa yana cewa:
"Kuɗin hukuma daban, na goro daban,
In ba ka bayar ba, fayil ɗinka ba ya motsawa."

Malama Ta Gwale:
Yayana, na ji kukanka, ga dabarar da wasu suka yi ta ƙin yarda da cutarwa.
A Indiya, a 2007, ƙungiyar 5th Pillar ta buga takarda tana rabawa,
Kamar kuɗin ƙasar na rufi hamsin take, amma sifili ne ƙimarta,
Duk ma'aikacin da ya nemi toshiya, ita ake miƙawa.
A 2010 kuma, a Bangalor, aka buɗe shafin I Paid a Bribe,
Inda kowa ke rubuta sunan ofis da toshiyar da ya bayar, ba ɓoyewa.
Mu ma mu buga naira sifili a Kano,
Ko kunya ta hana hannun da ya saba karɓewa.

Baba Mai Gareji, Ƙofar Ruwa:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, sai dai ina da ja a kan bugawa.
Dokar Babban Banki ta 2007 ta tsananta kan jabu da wulaƙanta naira,
Kada mai neman haƙƙi ya zama shi ake kamawa.
Muna da allon da ya fi takarda yawo:
Bayan Adaidaita, inda direbobi suka saba rubuta karin magana don faɗakarwa.
A rubuta "Ba rasit, ba biya" da manyan baƙaƙe,
Daga Kurna zuwa Sabon Gari, daga Hotoro zuwa Kabuga a ga tana wucewa.
Kuma in faɗi gaskiya ko da ɗaci,
Da yawanmu mu ke neman ɗan kamasho don gudun layi da jinkirtawa,
A ƙarshe a ba mutum takardun bogi,
Sai an tare shi a hanya ya gane lambarsa ba ta cikin kundin da ake dubawa.

Ɗan Fagge:
Baba, na karɓi gyaranka, ga abin da nake ƙarawa.
Mu nemi a liƙa farashin lamba da lasisi a bangon kowane ofis,
Yadda ko wanda bai yi boko ba, za a karanta masa ya san abin biyawa,
A biya ta banki, a riƙe shaidar biya,
Wanda aka matsa wa ya kai ƙara hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha ba tare da tsoron kowa.
Malama, ki tsara rubutun da boko da ajami,
Ni zan zaga tashoshi in nemi yardar shugabannin direbobi kafin a fara liƙawa.