Gidan sabulu na uku ke nan, sabulun bai daina narkewa ba

Maman Ilham, Jahun:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kada a yi mini dariya, tambayata a kan gidan sabulu ce. Na san wani zai ce duk abin da ke damun ƙasar nan na rasa abin tambaya sai wannan, to amma duk mai sayen sabulu da kuɗinsa tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya san ba wasa nake yi ba.

Gidan haya muke a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, ɗaki uku, banɗaki ɗaya, shi ma rabinsa ne kawai ke da rufin kwano. Don haka ba mai barin komai a ciki, kowa ya shiga da kwandon sosonsa ya fito da abinsa. Gidan sabuluna na farko cikin kayan aurena ya zo, ruwan hoda, saiti guda da bokiti da baho da buta. Mai murfi ne, ƙasansa a shafe, ko huda ɗaya babu. In na buɗe da safe sai in tarar da sabulun kwance cikin wani farin ruwa mai yauƙi kamar kunun da ya kwana, in ka danna yatsa sai ya lume. Na riƙa shanya shi a kan katanga ko zai bushe, rana ta gasa robar har ta tsage gida biyu.

Na biyu na tangaran ne, fari mai zanen shuɗin fure, a kasuwar Wunti na saya, kuma ba ƙaramin so na yi masa ba. Kwana tara ya yi a duniya. Ilham ta ɗauka da kumfa a hannu, ya suɓuce mata ya tarwatse a kan siminti. Allah ne ya tsare ba ta taka ba, ni kuwa na wuni ina tsintar ɓaraguzai da tsintsiya saboda yaran maƙwabta. Na uku shi ne mai roba biyu a baya da ake mannawa a bango. Mai shagon har rantsuwa ya yi mini cewa ba ya faɗuwa. Ko gama cuɗa ba na yi yake faɗowa.

Abin da ya ƙure haƙurina, a watan Agustan nan sabulu huɗu muka buɗe, alhali mu uku ne, ta ukun ma shekararta huɗu. Abban Ilham har ya fara tsokanata wai ko miya nake kaɗawa da shi. Ga kuma sabulun salo da Hajiyarsu ta aiko mini daga Azare, curi guda mai kyau, ya zama taɓo tun ban ci rabinsa ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, don na san in ta zo sai ta tambaya.

Wane iri ya kamata in saya? Sannan farin abin nan da ke daskarewa a jikin robar kamar alli, wanda ko Omo ba ya fitar da shi, me ke cire shi?

Goggon Yara, Fadaman Mada:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki sake kai kuɗinki kasuwa, amsa mini: in kin gama wanka, ina kike sa soson?

Maman Ilham:

A cikin kwandon mana, Goggo. Kusan a kan sabulun nake ɗora shi.

Goggon Yara:

To ai ga ɓarawon nan a gindinki. Soson raga ya sha ruwa, kin ɗora shi a kan sabulu, ya wuni yana ɗiga a kansa, ya kuma kwana. Ko gidan zinariya kika saya masa sai ya narke. Ki ɗauraye soson, ki yarfe shi sosai, ki rataye a ƙusa ko a igiyar shanya. Shi da sabulu ba su haɗuwa sai a jikinki.

Mu da muka taso ba mu san wani gidan sabulu na kanti ba. Ƙoƙo ne ko gwangwanin madara da aka huda da ƙusa, tsatsa ta ci shi a yar a samo wani. Amma abu ɗaya na koya wurin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har yau ban bari ba: ba na buɗe sabulu ranar da zan yi amfani da shi. In an sayo, sai in zare takardar, in tura shi cikin akwati tsakanin atamfofi ya yi sati biyu ko uku. Ya bushe ya yi tauri, kayan kuma su ɗauki ƙamshi. Ranar da za a fara, in sa wuƙa in raba shi biyu, rabi ya tafi banɗaki, rabi ya koma akwati. Yara ma sun fi iya riƙe ƙaramin.

Salo kuwa, 'yata, wa ya ce miki ana kai curin banɗaki? Gutsura ake yi kamar girman goro, a shiga da shi, a ƙarar. Uwar tana ɗaki a ƙulle cikin leda. Wanda ya riga ya kwaɓe kada ki zubar, ki juye shi a roba mai faɗin baki ki riƙa lakata da busasshen hannu.

Maman Ilham:

Kai Goggo, kin kama ni dumu-dumu. Shekara biyar da aure ban taɓa kawo soson a raina ba.

Alhaji na Layin 'Yan Roba:

Hajiya, ni sana'ata ke nan, bari in faɗi abin da zai rage mini ciniki. Cikin masu zuwa shagona, da wuya ka ga wadda ta juya gidan sabulu ta dubi ƙasansa. Launi ake dubawa, ya dace da bokiti ko bai dace ba. Alhali ƙasan shi ne komai.

Ki nemi mai hawa biyu: na sama mai tsaga-tsaga dogaye, na ƙasa mai tare ruwa, wanda za ki iya zarewa ki zubar. Mai ƙananan huji kamar na rariya kada ki saya, kwana uku sabulu ya toshe su, kin koma gidan jiya. In mai hawa ɗaya ne, ki tabbatar yana da 'yan ƙafafu, don in ƙasansa ya manne da siminti hujin ba shi da amfani. Sannan ki ɗan matsa robar a hannu. Mai kyau tana lanƙwasawa ta dawo. Wadda ta yi ƙas-ƙas, launinta a dishe, ba ta kaiwa hunturu.

Mai mannewa a bango ba ƙarya aka yi miki gaba ɗaya ba, sai dai ba a tambaye ki irin bangonki ba. Iska ce ke riƙe shi, wato sai wuri mai santsi kamar tayil ko gilashi. A kan filasta ko fenti mai gari ba zai taɓa zama ba. Na waya mai ƙyalli kuma, mai arahar fenti ne a kan ƙarfe, daga wurin walda yake fara tsatsa ya ɓata sabulun da ja. Tangaran ki bar wa masu wurin wanke hannu da ba a ɗaga shi.

Anti Nas:

Maman Ilham, bari in ɗauki tambayarki ta biyu. Farin nan ba sabulu ne zalla ba. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da magniziyam, shi ne ruwan da za ki ga sabulu ba ya son yin kumfa a cikinsa. In sun haɗu da sabulu sai su zama wannan dasƙararren abu da ruwa ba ya narkar da shi. Ki lura, ranar da famfo bai kawo ba kika sayi na 'yan ga-ruwa, ki ga ko bokitin ma bai yi wannan zoben ba. Maganinsa tsami ne. Ki matse lemon tsami biyu cikin ruwan ɗumi, ko ki zuba ruwan kal, ki jiƙa robar kamar rabin awa, ki goge da tsohon burushin haƙori. Sau ɗaya a sati ya wadatar.

Amma don girman Allah kada ki haɗa ruwan kal ko lemon tsami da Hypo ko wani bilic. Haɗin yana tayar da iskar kulorin, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a ƙuntataccen banɗaki. Ɗaya bayan ɗaya, da ɗauraya sosai a tsakani.

Salo da kika ga ya kwaɓe, akwai gilisarin a jikinsa, shi kuwa janyo laima yake yi daga iska. Shi ya sa a Agusta ko ruwa bai taɓa shi ba za ki ga yana gumi. Gaskiyar Goggo ce, a rufe uwar. Mu ma a wurin aiki ƙa'idar ke nan: jagoran wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ya ce in za a yi amfani da sabulun dunƙule, a yi da ƙanana, a ɗora su kan abin da ruwa ke tsiyayewa don su bushe. Ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashi shi ne abin gudu. Saboda haka murfi na matafiya ne da 'yan makarantar kwana, a gida ki bar gidan sabulun a buɗe.

Ɗan Bakaro:

Anti, da alama unguwarku babu ɓeraye. Ni na bar nawa a buɗe dare ɗaya, da safe na tarar da sawun haƙora a jere kamar an sassaƙa shi. Sabulu da mai ake yin sa, su a wurinsu abinci ne. Akuyar maƙwabcinmu ma ba ta bari.

Goggon Yara:

Kai yaro, ai ba a ce ka ajiye musu a ƙasa ba. Buɗe da rana ya sha iska, in ya bushe bayan isha'i ka rufe, ko ka rataye kwandon inda ba su kai.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kwana goma ke nan, bari in kawo rahoto. Ban koma kasuwa ba tukuna. Wancan mai mannewar na ɓalle masa robobin baya, na sa ƙusa a wuta na buɗa masa tsaga huɗu, sannan na liƙa murafun kwalba huɗu a ƙasansa a matsayin ƙafa. Kyau kam babu, matar ɗakin tsakiya ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki, amma jiya na ga ta buga ƙusa kusa da tawa ta rataye sosonta. Rabin sabulun da na yanka ranar da muka yi maganar nan har yanzu shi muke amfani da shi, kuma ya yi tauri. Lemon tsami ya fitar da farin, sai dai sau biyu na jiƙa.

Alhaji, in na shigo kasuwa zan nemi mai hawa biyun, amma sai na matsa shi a gabanka. Goggo, saura maganar salo. Na juye shi a robar man shafawa kamar yadda kika ce. Hajiya za ta zo suna ranar Asabar, a ɗakina za ta sauka. In nuna mata robar, ko in aika Wunti a sayo mini curi in ajiye a inda za ta gani?