Camry ta na ɗaukar zafi in na tsaya a gosulo, bakanike ya ce gaskit ne, dan Allah a ba ni shawara

Abu Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Masu sanin mota ku taimaka min dan Allah, wallahi kaina ya kulle. Camry ce ƙirar 2005, mai silinda huɗu, 2.4, ta ci kilomita dubu 380 da 'yan kai, shekara shida tana hannuna ba ta taɓa ba ni kunya ba sai wannan zafin. Tun da aka yi rusau a unguwar Gulail ta Jidda muka dawo garin Bahra kullum sai na shiga Jidda aiki na dawo, to in ina kan hanya ina tafiya ɗari, ɗari da goma, allurar zafi tana nan tsakiya lafiya lau, amma da na shigo gari na tsaya a danja ko gosulo da AC a kunne sai ta fara hawa a hankali a hankali, AC ɗin ma ya daina sanyi ya koma hura iska mai ɗumi. Jiya da azahar saura ƙiris ta taɓa ja, ga Hajiyarmu a baya na ɗauko ta daga asibiti, dole na kashe AC muka sauke gilas, tsohuwa tana ta fifita da katin asibiti tana cewa ni dai ka kai ni gida. Ruwa kuma yana raguwa, duk kwana uku ko huɗu sai na ƙara kamar rabin ƙaramar roba, na famfo nake zubawa gaskiya. Na kai ta wata warsha, wato garejin gyara, a sana'iyya, unguwar bakanikai, mutumin ko tayar da ita bai yi ba, ya leƙa kawai ya ce wajhir ras ne, wato gaskit, a sauke kan inji riyal 2,500. Ga kuɗin haya ya kusa, ga fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, wata mai zuwa. Ina da sifanu da sukudireba da filaya a gida, hannuna kuma ba laifi. Me zan fara dubawa da kaina?

Kawu Habu: Wa alaikumus salam. Yaro kwantar da hankalinka tukun. Na yi shekara goma sha ina gyaran mota a Kano kafin in zo ƙasar nan, kuma abin da ka faɗa da bakinka ya riga ya nuna inda ɓarawon yake. Motar da take sanyi a guje ta yi zafi a tsaye, iska ce ba ta samu. A guje iskar hanya ce ke ratsa lagireto, a tsaye kuwa sai fanka. Da gaskit ne ko lagireto ya toshe ta ciki, ai a guje ko a hawa ne za ta fi ba ka wahala. Gobe da sassafe kafin ka tayar, buɗe bonet, sa'an nan ka tayar ka kunna AC ka tsaya ka kalli fankokin nan biyu da ke bayan lagireto. Duka biyun ya kamata su juya. Ka dawo ka gaya min wacce ta juya wacce ta ƙi, kuma da ƙarfi ko kamar mai jin barci. Hannu da hannun riga a nesa da su, na lantarki ne, ba sa sallama in za su tashi.

Sadiq Hindawiyya: Ni dai shawarata a cire tamostat kawai a huta. Kasar nan ai ba Rasha ba ce, me ake da abin dumama inji a garin da ake digiri 45? Ni duk motar da na saya ranar farko nake cire shi

Abu Nana: Ai Sadiq tawa ma babu shi, wanda na saya a wajensa ya riga ya cire, kuma ga shi tana zafin.

Kawu Habu: To ka ji. Wannan ɗabi'ar tun a gida muke fama da ita, daga Ƙofar Ruwa har nan. Tamostat ba shi ke kawo zafi ba sai in ya maƙale a rufe, in ya maƙale kuwa canza shi ake yi, ba a yar da shi a bar ramin. Na Toyota yana fara buɗewa wajen digiri 82, shi ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In babu shi, da safe inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi ta yi ta ƙara fetur, kai kuma kana mamakin yadda mai ke tafiya. Amma wannan mu ajiye shi gefe, ba shi ne na gaggawa ba.

Injiniya Bashir: Kawu ya yi gaskiya a kan fanka, nima can na fi zargi. Sai dai raguwar ruwan nan ce ta tsaya min a rai, kada mu yi saurin wanke gaskit ɗin. Injin da ke cikin Camry daga 2002 zuwa 2006 shi ne 2AZ-FE, bulok ɗinsa na alminiyom ne, kuma an san shi da ciwo guda: zaren ramukan da kusoshin kan inji ke shiga yakan zame, musamman na baya ta wajen manifol, sai kan ya ɗan saki ruwa ya fara tsiyaya ta bayan inji inda ido ba ya kai wa. Kuma zafin da ake ta bari yana hawa yana sauka shi ke ƙara jawo shi. Ga abin da za ka duba ba ko riyal ɗaya. Zaro ma'aunin baƙin mai ka kuma kalli ƙasan murfin da ake zuba mai, in ka ga ya koma kamar shayi da madara to ruwa ya shiga. Ka duba salansa bayan mota ta ɗumama, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa mai ɗan ƙanshin zaƙi alama ce. Da inji a sanyaye ka buɗe murfin lagireto ka cika shi ka tayar, in kumfa na ta fitowa ɓul ɓul ɓul ba tsayawa, to iskar silinda ce ke shiga ruwa. Sai ka haska tocila ta bayan inji ƙarƙashin manifol ka ga ko da jiƙa ko busasshen fari-fari. In duk ba ka ga komai ba kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai gwajin da ake yi da wani ruwa shuɗi a bakin lagireto, in ya koma rawaya gaskit ya tafi. Wannan shi ya kamata mai warshar ya yi kafin ya buɗe baki ya ce 2,500.

Hajiya Ummu Yasir: Ni ban san mota ba amma dan girman Allah Abu Nana kar ka buɗe murfin nan tana da zafi. Ƙanena a hanyar Madina ya yi haka, wai ya sa tsumma zai sassauta kaɗan, ruwan ya yi tsiri ya wanke masa hannu har gwiwar hannu, fatar ta saluɓe kamar an bare dafaffen tumatir, sati uku matarsa ke ba shi abinci a baki. A gaida Hajiya da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Abu Nana: Amin Hajiya na gode, za ta ji. In sha Allah sai ta kwana ta huce zan taɓa.

Ɗan Gadarif: Malam ka sayar da ita ka huta mana, mota ta shekara ashirin ai ta yi maka ƙoƙari 😂 kai ta haraj, kasuwar gwanjon motoci, ka ƙara kuɗi ka ɗauki wata

Abu Nana: Ɗan Gadarif in za ka ba ni cikon ai yau ma sai in kai ta. Wadda ka sani da ciwonta ta fi wadda za ka je ka sayo ciwon wani.

Abu Nana: To jama'a na dawo. Bayan asuba na yi yadda Kawu ya ce. Fanka ɗaya na juyawa, ɗayar kuwa ko motsi. Na buɗe akwatin fiyus na cikin bonet na bi zanen da ke bayan murfin, fiyus ɗin fanka duk lafiyarsu ƙalau. Baƙin mai baƙi ne wuluk ba madara, salansa ba hayaƙi, kumfa ta ɗan fito sau biyu uku da farko ta tsaya. Bayan inji na haska iya inda na iya, ƙura ce kawai a bushe. Amma murfin lagireton robarsa ta tsattsage, har wani ɓangare ya gutsure a hannuna, kuma ruwan ciki jawur kamar ruwan kududdufi.

Kawu Habu: Madalla. Yanzu tayar da ita, kunna AC, ka ɗauki doguwar sukudireba ka ɗan ƙwanƙwasa bayan motar fankar (ɗan injin lantarkin da ke juya ta) da ta ƙi da ƙotar, a hankali ba dukan ɓarawo ba, kuma ta bayan kada ka kusanci fukafukan.

Abu Nana: Kawu!! Wallahi bugu biyu ta tashi, ta yi wani ƙara kirrr ta juya kamar minti ɗaya ta sake mutuwa. Har Nana da ke riƙe min tocila sai da ta yi tsalle.

Kawu Habu: Shi ke nan, gawayin cikin motar fankar ne ya cinye. Ba rile ba ne, ba waya ba ce, tunda wuta na isa. Ko ka sayi motar fankar ita kaɗai ka ɗaura a tsohon gidan, ko ka ɗauko duka da gidanta. Aikin ba wuya: cire kan batir na negatif, zare soket, kwance kusoshin da ke sama da sifana mai lamba 10, ka zaro ta sama. Murfin lagireto kuma sabo za ka saya, kada ka yarda da na gwanjo, ka duba lambar da ke rubuce a kan tsohon, 0.9 ce ko 1.1, ka sayi irinta. Murfin nan da kake rainawa shi ke riƙe matsi, matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya haura digiri 100 da nisa. In robar ta mutu ruwa na tafasa da wuri ya gudu ta ƙaramar robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto ya zube, ina kyautata zaton nan ruwanka ke tafiya.

Injiniya Bashir: Alhamdulillah, da alama ka tsallake. Tunda za ka cire fanka, ka yi aikin gaba ɗaya. Leƙa tsakanin kwandansan AC da lagireto, wajen nan yana tara ƙura da leda da gashin tattabaru har ya zama kamar bargo, ka wanke da tiyo daga baya zuwa gaba, ruwa mai laushi, ban da injin wankin mota mai ƙarfi don yana lanƙwasa ƙananan haƙarƙarin. Sannan ruwan famfon nan ka bar shi haka, shi ya jawo tsatsar da ka gani. A ƙasan lagireto akwai ɗan makunni na roba, buɗe ka tsiyaye, ka ɗauraye har ya fito fari, ka zuba ruwan lagireto na gaske, jan nan ko ruwan hoda na Toyota, tana cin wajen lita 6. In mai kauri ka saya wanda ake sirkawa, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Wajen cikawa ka kunna hita zuwa ƙarshe ka bar murfin a buɗe tana aiki har iska ta gama fita, in ba haka ba iskar ta maƙale ka ga allura na rawa ka ce ba a yi komai ba. Tsohon ruwan a tara a jarka, yana da zaƙi kuma guba ne, kyanwa da yara.

Sadiq Hindawiyya: Fankar ka je tashlih, wajen da ake sayar da kayan tsofaffin motoci, Camry irin taka ta cika can. Amma ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada soket da soket, kuma kar ka ba da kudi sai sun jona maka ita a batir ka ga ta juya da idonka, ka sa hannu ka girgiza fukafukan in tana lilo ka bar musu. Ka tambayi kwana nawa ne damani, wato garanti, su rubuta maka a takarda. Kudin farko da za su fada kar ka yarda, ka juya kamar za ka tafi

Ɗan Gadarif: In Larabcin kayan mota ya ba ka wuya: fanka mirwaha, lagireto radetar, murfin gaɗa radetar, tamostat balful harara. Za su tambaye ka asli ko tijari, wato na kamfani ko na kasuwa. Murfi da balf ka ce asli, bambancin kuɗin ba yawa.

Abu Nana: Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya Juma'a bayan la'asar muka yi aikin ni da maƙwabcina a cikin haraba, don an ce baladiyya, hukumar gari, ba sa son a baza kayan gyara a bakin titi. Fanka riyal 180 a tashlih bayan ciniki, murfi da ruwa da tamostat duk ban kai 500 ba. Abin da na ciro tsakanin kwandansa da lagireto kuwa kunya ta hana ni ɗaukar hoto, har da ledar burodi guda cur. Tamostat ɗin ne ya ba mu aiki, yana can ƙasa inda babban tiyo na ƙasa ke shiga inji, goro biyu ne kawai amma ɗayan sai da na kwanta a kwali na saka hannu ta ƙasa, na bar fatar yatsa biyu a wajen. Ɗan ƙaramin ƙarfen da ke lilo a jikinsa na sa shi ta sama yadda Kawu ya ce min a waya. Yau na tsaya kusan minti arba'in a cunkoson Kubri Murabba da AC a kunne, allura ko gezau. Sadiq kai ma ka je ka mayar da naka.

Sadiq Hindawiyya: Tawa lafiyarta kalau malam 😄

Kawu Habu: Barka. Amma ban sallame ka ba tukun, zancen Bashir yana nan. Samu maka ka ja layi a jikin ƙaramar robar ruwan daidai inda ruwa ya tsaya da safe tana sanyi. Kwana biyun farko zai ɗan sauka, ragowar iska ce ke fita, ka cika zuwa layin. Daga nan ka duba kullum kafin ka tayar har sati guda. Ka kuma riƙa leƙa wata-famfo, wato famfon da ke zagaya ruwa a inji, ta wajen fanbel, in ka ga busasshen abu ruwan hoda a ƙasanta ita ma ta fara. Kafin satin ya cika ban yarda ka hau hanyar dutsen Hada da ita ba, ko waye ya gayyace ka Ɗa'if.

Abu Nana: To Kawu, na ja layin da jan farcen Maman Nana don ban ga maka ba. Asabar mai zuwa zan turo hoto in sha Allah.