Tambaya kan "'yan asalin ƙasa": wa ake nufi a nan gida?

Assalamu alaikum jama'a. Ni malama ce a wata sakandare a Sabon Garin Zariya, kuma na maƙale a shirin wani darasi.

An ba ni in koyar da haƙƙin al'ummomin asali na duniya. Ɓangaren waje bai ba ni wuya ba: Māori na New Zealand, da ƙabilun Amurka da Kanada da Turawa suka iske a ƙasarsu. Na kuma san Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙoƙinsu a 13 ga Satumba 2007, Nijeriya kuwa ta ƙaurace wa ƙuri'ar.

Matsalar a Hausa take. Da na ce "'yan asalin ƙasa", sai yara su ɗauka takardar shaidar ƙaramar hukuma nake nufi, wadda ake nema wajen shiga jami'a. Nan take aji ya rabu, wannan ɗan Zazzau ne, wancan baƙo ne. A Sabon Gari kuwa, wannan magana ba abin wasa ba ce.

To su wa zan kawo misali da su? Gbagyi da aka tayar bayan an zaɓi Abuja a 1976? Ogoni da gwagwarmayar Ken Saro-Wiwa, wanda aka rataye a 1995? Wata abokiyar aikina ta ce Mbororo, amma su makiyaya ne masu yawo, ta yaya zan haɗa su da batun mallakar ƙasa?

Don Allah malamai, wace kalma kuke amfani da ita? Ran Litinin zan shiga ajin.