Ƙwan LED ko silin: wanne ya fi saurin mayar da kuɗinsa?

Tambaya daga Garwa:
Assalamu alaikum. Kuɗin wutar gidana yana ƙaruwa duk lokacin zafin Maris da Afrilu, saboda fanka ba ta hutawa dare da rana. Ina da ɗan abin da na tara, to shin in fara da sauya ƙwayayen fitila ne, ko in sa silin a ƙarƙashin kwanon rufi?

Amsa daga Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da fitila. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, kuma idan yana ci awa 5 kullum, za ka rage kusan kilowat-awa 7.6 a wata. A farashin sefa 50 kan kowace kilowat-awa (ma'aunin wutar da aka sha) na masu ƙaramin amfani a Kamaru, wannan ya kai kusan sefa 380, don haka ƙwan da ka saya sefa 1,000 zai biya kansa kafin wata uku su cika. Ka dai guji na araha ƙwarai, domin ba sa jure hawa da saukar wuta.

Amsa daga Kuseri:
Lissafin Malamin Marwa daidai ne, kuma silin ba ya saurin dawo da kuɗi, sai dai ya sa ɗaki ya yi sanyi. Ni farin fenti na shafa wa kwanona don rage zafi, kuma ya fi silin sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Fentin yana jure ruwan damina kuwa?