Hutun bazara a tsakiyar marka? A taimaka min da kalma kafin gobe

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'a. Gobe Alhamis da safe za mu ɗauki shirin filin iyali a gidan rediyon da nake aiki, a sa shi ranar Juma'a. Labarin wata baiwar Allah ce a Amurka, 'ya'yanta uku duk sun girma, biyu sun yi aure, tana so ta haɗa kansu su tafi wani wuri tare a watan Yuli. Kowa kuma da inda ya sa gaba. Babban yana son bakin teku, macen tana son gandun dajin Yellowstone, mai ƙananan yara ya kafe sai Orlando wajen wasannin Disney. Zan ba da labarin ne in jefa wa masu saurare tambaya. Inda gizo ke saƙar shi ne kan maganar, wai "summer family vacation destination". Na rubuta "wurin hutun bazara na iyali", na karanta a fili, sai na ji kamar ba Bahaushiya ce ta faɗa ba.

Bakatsine: Yawon buɗe ido mana, Hajiya. Me ya yi zafi?

Maman Walida: Mai buɗe ido abin da bai taɓa gani ba yake zuwa gani. Su waɗannan sau da yawa gida ɗaya suke kamawa haya a bakin ruwa, su yi mako guda suna girki suna hira, baɗi ma su koma can. Wane ido aka buɗe?

Ummi Kaduna: Anti ki ce yawon shaƙatawa. Ko tafiyar shaƙatawa, tunda yawo a kan matar aure ba ya daɗin ji.

Malam Na-Zazzau: Kafin a kai ga yawo ko tafiya, a gyara ɓarnar farko. Wa ya ce Yuli bazara ce? Bahaushe ya raba shekararsa tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro rediyo. Bazara ita ce Maris zuwa Mayu, lokacin da ake kwana a tsakar gida, ruwan randa ya yi ɗumi, ana duban gabas ko hadari zai haɗu. Daga nan damina. A cikin daminar akwai marka, wajen Agusta, ruwa ya wuni yana sauka. Sai agazari, sai kaka, sai hunturu. To ki faɗa wa manomin Giwa ko na Ɗanbatta cewa za a yi hutun bazara a watan Yuli, yana tsaye a gona da fartanya yana noman maimai. Dariya zai yi miki. Wannan kuskure ne da 'yan jarida suka daɗe suna yi, mu kuma muka yi shiru har ya zama jiki.

Bakatsine: Allah ya gafarta malam, ai ba 'yan jarida suka fara ba. Ko a tafsirin Suratu Ƙuraish malamai tafiyar hunturu da ta bazara suke cewa. Lokacin zafinsu aka dubo, aka ba shi sunan lokacin zafinmu. Ba wata ake fassarawa ba, yanayi ake fassarawa.

Malam Na-Zazzau: A nan ya yi daidai, don ba a ambaci wata ba. Ita Hajiya Yuli za ta ce da bakinta.

Abban Sadiq (Manchester): Ni dai a nan in na kira gida na ce za mu zo hutun bazara, Inna sai ta ce to Allah ya kai mu baɗi, ta ɗauka sai shekara ta zagayo. Yanzu na daina. Makarantun nan suna rufewa ne a ƙarshen Yuli su koma farkon Satumba, mako shida, sai kawai in ce mata "in yara sun samu dogon hutu". Nan take take ganewa, don a gida ma lokacin ne ake dogon hutun.

Ɗan Damagaram: Mu nan 'yan lakwal bakans suke cewa, daga Faransanci. Dattawa kuma babban hutu. Ba wanda ya taɓa sa bazara a ciki.

Direban Bauci: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malami ba ne, amma shekara da shekaru ina kai baƙi gandun dajin Yankari. Wannan gardamar ba ta ilimi ba ce kawai, kuɗin mutane ne a ciki. In kika ce wa masu saurare su je Yankari a "bazara" kina nufin Agusta, kin cuce su. Lokacin ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, giwaye sun bazu cikin daji, sai ka zagaya ka dawo ba ka ga komai ba sai gwaggon biri, shi kuwa har bakin ɗaki yake zuwa satar burodi. Ganin namun daji daga ƙarshen Disamba ne zuwa Afrilu, da ƙishirwa ta tara su bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa a cikin dajin, shi ne kaɗai ba ruwansa da lokaci, kullum ɗuminsa ɗaya, wajen digiri 31. Gurara ta jihar Neja kuma akasin haka ce. A Agusta ruwan yana zubowa da ƙara kamar ana tsawa, amma wanda ya ji "bazara" ya kwashi iyali a Afrilu, duwatsu zai tarar da ɗan ruwa yana tsiyaya.

Maman Walida: Allah ya saka, Malam Direba, wannan zan sa a shirin yadda ka faɗe shi. To bazara ta fita. Dogon hutu ya zauna?

Ummi Kaduna: Ya zauna ga mai 'yan makaranta. Amma 'ya'yan matar nan ai ma'aikata ne, hutun shekara suke ɗauka daga ofis.

Abban Sadiq (Manchester): Jikokin ne ke yanke ranar, ƙanwata. Ko a gida haka ne.

Malam Na-Zazzau: Yanzu mu zo kan wurin. Na daɗe da kalma a hannuna, tun ina koyarwa nake ba ɗalibai ita: mahuta. Ƙa'idar harshe ce tsantsa. Wurin karatu makaranta, wurin jima majema, wurin ƙira maƙera, wurin hutu mahuta. Ba aro, ba dogon zance. Har gari akwai mai wannan suna, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a jihar Kebbi. Ki ce "zaɓen mahutar iyali", kalma uku, an gama. Abin da Bature ya faɗa da huɗu.

Bakatsine: Malam, a rediyo fa ne. Ka tuna ƙaramin rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Hajiya ta ce "ku kwashi 'ya'yanku da jikoki ku tafi mahuta", wani a Jibiya ya ji mahauta.

Ummi Kaduna: Wayyo cikina! Hutun iyali a kwata, ana fiɗar shanu.

Malam Na-Zazzau: Wanda bai iya bambance mahuta da mahauta ba, kunnensa za a kai asibiti, ba kalmar ba.

Uwar Marayu: Ni ba dariyar ce ta dame ni ba. In tsoho ya daɗe yana jinya ya rasu, cewa muke ya huta. Ina jin mahuta sai gabana ya faɗi, makwanci ya zo min a rai. Ba zan so a ce min 'ya'yana sun zaɓa min mahuta ba.

Malam Na-Zazzau: Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, ku ɗauka duk abin da ta rubuta mutane sun saba da shi? Maimaitawa ce ke sa kalma ta zauna. Amma mu yanzu lalaci ya yi mana yawa, kowa ya ji Turanci sai ya manna masa wasali ya ce Hausa ce. Jiya na ji wani yaro yana cewa za su je "fikinik".

Ɗan Dala: To ai Zage-zagi ba sa rasa abin tunawa da 1939. Malam, kalma a Kano ake yanke mata cibiya. In ba a ji ta a Kurmi ko Kwari ba, ba ta shiga gari ba. Mu mashaƙata muka sani.

Uwar Marayu: Mashaƙata? Inda matasa ke shan shisha? A'a, ɗana.

Basakkwace: Ku dai Kanawa kun ɗauka don an ɗora daidaitacciyar Hausa bisa taku, ku ad da halshe. Abin da kunka gaza hwaɗi, mu tun kakanni muna da shi. Ayari in ya tashi, ina ya nuhwa? Zango. Nan aka sauke kaya a huta. Ku ce zangon hutu, ku bar wahal da kanku.

Ɗan Dala: Ranka ya daɗe, sai ka fara fassara mana saƙon naka tukuna.

Ɗan Damagaram: Zango ya yi mini. Har Kumasi da Accra unguwar Hausawa zango ake ce mata.

Ummi Kaduna: Shi ya sa bai yi ba. Wani zai ɗauka unguwa ake nufi. Kuma a makaranta zangon karatu muke cewa, zango na ɗaya, na biyu, na uku. Zangon hutu sai ya zama lokaci, ba wuri ba.

Basakkwace: Makaranta ta iske zango, ba zango ya iske makaranta ba.

Ɗan Dala: Ni ga tawa, kyauta. Wanda ya bar gida da rani ya tafi neman kuɗi, cin rani ya je. Wanda ya bar gida da damina ya tafi ɓatar da kuɗi, cin damina ya je.

Malam Na-Zazzau: Ana maganar ilimi kana wasa.

Maman Walida: Jama'a, agogo fa yana tafiya. Saura biyu ban taɓo ba, 'ya'yan da iyalin. Matar Amurkan ta ce 'ya'yan nata manya ne, a Turancin har kalma biyu aka jera don a nuna ba yara ba ne. Na sa "manyan 'ya'ya".

Uwar Marayu: Kar ki sa. Manyan 'ya'ya su ne na fari da mai bi masa, ko da shekararsu goma. Su Turawan ne ke da matsala, kalma ɗaya suke da ita ta yaro da ta ɗa, dole su yi ta ƙari. Mu in kin ce 'ya'ya ba ki ce yara ba. Ɗana na fari ya yi furfura, ɗana ne har gobe. In kina son ƙarin bayani ki ce 'ya'yan da suka zama masu gidan kansu. Kuma ki duba iyali ɗin nan da kyau. Namiji in ya ce "iyalina", matarsa yake nufi da waɗanda yake ciyarwa. 'Yar da aka aurar ta koma iyalin wani. Ba za ki ɗaga waya ki ce ta haɗa kaya ba, sai an nemi izinin mijinta, shi kuma ya duba aljihunsa da uwarsa. Bara na gwada. Na ce mu je Mambilla mu sha sanyi, mu ga gonar shayi, tunda marigayi ya yi aiki a Gembu yaran suna ƙanana. Babban ya ce hanya da damina sai mai ƙarfin hali. Ta Abuja ta ce Dubai, aka ce mata a Yuli zafin can ya wuce digiri 40, kuma wa zai biya wa mutum goma sha bakwai jirgi? Autana ya ce a tara kuɗin a kai ni Umara ni kaɗai. Surukina kuwa bai ce uffan ba, daga baya 'yata ta gaya min kunya yake ji, ta yaya zai kwana gida ɗaya da ni, ya fito da safe da gajeren wando? Ƙarshenta a tsakar gidana aka yi, kwana biyar, aka yanka rago, mazan suka kwana gidan ƙanena. Ni ban kira shi hutu ba. Na fi kowa gajiya. Zumunci muka yi.

Bakatsine: Hajiya ta ba ki kalmar ba ta sani ba. Hutun zumunci.

Abban Sadiq (Manchester): Wannan ya kama. Ita matar Amurkan ma ba teku ce damuwarta ba, so take ta ga kansu a tebur ɗaya.

Malam Na-Zazzau: Ba fassara ba ce. Ina lokacin? Ina wurin? An watsar da rabin maganar an ce an gama. Kuma zumunci ya ɗauki kawu da gwaggo da 'yan uba, ita 'ya'yanta kawai ta ce.

Ɗan Damagaram: Malam yana da gaskiya a nan. In aka ce zumunci a gidanmu, mota uku ba ta isa.

Maman Walida: To ga abin da zan karanta, sai dai ku yafe min: "Dogon hutu ya ƙarato. In 'ya'yanki sun zama masu gidan kansu, kina so ki tara su da jikoki ku yi tafiyar hutun zumunci, ina za ku dosa, kuma wa ke da ta-cewa?" Wurin na mai da shi tambaya, ban ba shi suna ba. Wajen labarin Amurkan zan ce "lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da daminarmu".

Basakkwace: Ba laihi. Amma da zango kinka sa da ya hi.

Malam Na-Zazzau: Kin yi jimla inda ake neman kalma. Na yarda da cire bazara, wannan kam an yi aiki. Sauran kuwa rufa-rufa ce, ranar da za a rubuta shi a allon talla za ku dawo neman mahuta. Ko sau ɗaya ki ambace ta a shirin, ki ce wani malami ya kawo shawara, mu ji abin da masu saurare za su ce.

Maman Walida: Zan ambata a ƙarshe in lokaci ya ragu, Malam, amma sai na ja wasalin sosai.

Direban Bauci: Hajiya, in an buɗe layin waya ki ce musu masu son Yankari su bari sai bayan kaka. Kuma su rufe tagar ɗaki in za su fita.