Me firinsifal zai riƙe da kansa, me zai saki?

Malam Na-Allo:
Assalamu alaikum iyayenmu da abokan aiki. Tambayata a kan shugabannin sakandaren gwamnati ce, irin mai aji 24 ko fiye. Mutum ɗaya ne ke ja layi a littafin zuwan malamai, shi ke duba shirin darasi, shi ke bin rajistar WAEC da NECO, shi ke amsa kiran ofishin shiyya, iska ta yaye rufin aji ma shi za a nema. Wane aiki ne dole ya riƙe, wanne zai saki, kuma wane tallafi ya kamata ya nema?

Tsohon Sifeto:
Wa alaikumus salam, Malam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma rabon aiki da baki ba ya wuce mako biyu. A makon farko na zango a ba kowa takardar aikinsa, ya sa hannu, kwafi ya shiga fayil. Mataimaki mai kula da karatu ya ɗauki jadawali, jarrabawa da littafin ayyukan mako. Mataimakin mulki ya ɗauki zuwan malamai, littafin fita da ladabtarwa. Shirin darasi kuwa shugabannin sashe ne za su duba duk Litinin, firinsifal ya zaro biyar ko shida ba tare da sanarwa ba, ya wadatar. Abin da ba ya saki shi ne sa hannun kuɗi, littafin tarihin makaranta, da wasiƙar da za ta fita da sunan makaranta.

Inda ake samun matsala: ya ba mataimaki aiki, sai uba ya zo ya roƙe shi, ya soke hukuncin mataimakin a gaban ɗalibi. Daga ranar kowa ofishinsa zai nufa kai tsaye. In akwai gyara, a yi shi a ɗaki tsakaninsu biyu.

Hajiya Mai Alli:
Ranka ya daɗe, a ƙara da maganar jarrabawa, don ita ke hana barci. WAEC na buƙatar makin gwajin ɗalibi tun daga SS1, kuma ana neman lambar NIN wajen rajista. Wanda ya bari sai SS3 zai tarar sunan yaro a NIN daban, na rajistar makaranta daban, ranar haihuwa ma ta saɓa, ga wa'adi ya matso. Jami'in jarrabawa ya karɓi kwafin NIN tun ranar shigar yaro SS1, ya gwada da rajistar shiga harafi da harafi, a tura iyaye su gyara da sauran lokaci. Makin kowane zango a shigar da shi kwamfuta kafin a tafi hutu, a ajiye kwafi biyu a wuri daban-daban.

Kuɗi kuma, don Allah kada ya taɓa kwana a aljihun firinsifal. Ko na alli ne, a yanka rasit, a rubuta a littafin kuɗi, a karanta lissafin a zaman SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makaranta) ko PTA. Zargin cin kuɗi ya fi yawan aiki cin rai.

Abu Hafsa:
Na yarda da ku, sai dai rabon aiki ba ya haifar da malamin da babu shi. A yi lissafi: aji 24, kowanne darasi 38 a mako, darasi 912 ke nan. In kowane malami zai ɗauki 24, ana buƙatar malamai 38. Makarantar da ke da 22 dole firinsifal ya shiga aji ko a haɗe azuzuwa, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare. Kada a rubuta wa ofishin shiyya “muna da ƙarancin malamai” kawai. A rubuta fanni da fanni: lissafi darasi kaza, malami kaza, giɓi kaza. A karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, a rubuta a littafin tarihi. Ranar da sakamako ya faɗi, wannan takardar ce za ta kare shi. Masu yi wa ƙasa hidima na rage zafi, amma shekara ɗaya suke yi, kada a ɗora musu SS3 su kaɗai.

Hajiya Mai Alli:
Haka ne, Malam. Sai lafiyarsa shi kansa, wadda ba mai tambaya. A makarantar kwana, tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Kankara a 2020 da Jangebe a 2021, wayar firinsifal ba ta hutawa da dare. A tsara matakin kira: mai gadi ya kira malamin mako, shi ya kira mataimaki, firinsifal sai in gobara ce, ko rashin lafiya mai tsanani, ko barazanar tsaro. A manna lambobin DPO, mai unguwa da asibiti mafi kusa a ɗakin gadi da wurin uwar ɗaki mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 a jihohin da suka aiwatar, wato ƙarin shekaru ne a kan kujerar nan. Firinsifal ya riƙa auna jininsa duk wata, ya ɗauki ko mako ɗaya cikin dogon hutu bayan ya miƙa wa mataimaki ragama a rubuce. Reshen ANCOPSS (ƙungiyar firinsifal-firinsifal na sakandare ta ƙasa) na shiyya kuma ya nemi a haɗa sabon firinsifal da tsoho a shekararsa ta farko, ya kuma matsa wa hukuma ta daina aiko da fom iri ɗaya daga ofisoshi uku, kowanne yana cewa gobe da safe.