Maigidana ya ƙone da gas, suga ya hau kuma yana ta ramewa, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Ɗorayi nake rubutowa. Yau kwana 19 ke nan da tukunyar gas ta kama da wuta a kicin ɗinmu, maigidana ya shiga kashewa ta ƙone shi a ƙirji da ciki da hannun dama. Likita ya ce kusan kashi 30 cikin 100 na jikinsa ne. Muna asibiti har yanzu.

Abin da ya ɗaure min kai, mutumin da bai taɓa ciwon suga ba, babu shi ma a danginsu, yanzu allurar insulin ake yi masa. An ƙara masa jini leda biyu alhali ban ga inda ya zubar ba. Yana cin abinci amma kullum ƙara zubewa yake, zuciyarsa na bugawa da sauri ko yana barci. Baffansa ya ce asibiti ne ke ƙara masa cuta, a kai shi gida wajen mai maganin wuta. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Wata ma'aikaciyar jinya: Sannu 'yar uwa, Allah ya sa kaffara ne. Don Allah kada ku fitar da shi. Duk abin da kika lissafa ƙunar ce ke kawo shi. Babbar ƙuna takan sa jiki ya yi ta sako sinadaran firgici irin su adirenalin da kotisol, su ne ke ɗaga suga, su sa zuciya gudu, su sa jiki ya dinga cin naman kansa don ya samu abin da zai gina sabuwar fata. Ramar ke nan. Insulin ɗin dole ne, domin suga idan ya hau ciwo ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma su samu wurin zama. Mafi yawan masu ƙuna sugansu na sauka idan ciwon ya rufe, sai dai a babbar ƙuna jiki kan ɗauki watanni, wani har ya haura shekara, kafin ya daidaita. Wasu likitocin kan ba da propranolol don rage gudun zuciya, amma su za su yanke wannan, kada ki saya a kemis.

Wani likita: Maganar jini, Hajiya: a kwana biyun farko ruwan jini ne ke tsiyaya daga jijiyoyi, shi ya sa ake ta ƙarin ruwa ana auna fitsari. A lokacin jinin kan yi kauri, gwajin yawan jini da ake kira PCV ya nuna kamar ya yi yawa. Bayan nan gaskiya ke fitowa. Zafin wuta ya lalata wasu jajayen ƙwayoyin jini, ɓargo ya rage yin sababbi, ga wankin ciwo da tiyata da ɗibar jinin gwaji. Ki tambaye su yaushe za a yi masa dashen fata, don rufe ciwon ne ke kwantar da duk wannan. Idan kika ga zazzaɓi mai zafi, ko ruɗewa, ko wari daga ciwon, ko fitsari ya ragu, ki kira su nan take.

Wata uwa daga Gwale: Ni na yi jinyar ɗana wata biyu, ruwan zafi ne ya zubo masa. 'Yata, abinci shi ne rabin maganin. Ƙwai, kifi, wake, madara, kunun gyaɗa mai kauri, kaɗan-kaɗan amma sau da yawa. Tunda ana yi masa insulin, ki nuna wa nas duk abin da za ki ba shi, musamman mai zaƙi. Kada ki bar fanka ta yi ta kaɗa shi, sanyi na ƙara musu rama. Shi kuwa Baffa ki bi shi a hankali, ki ce ya zo ya yi masa addu'a a nan asibitin, babu mai hana shi. Shafa wani abu a kan ciwon ne ba a yarda da shi ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hankalina ya ɗan kwanta. Na roƙi yayansa ya kawo Baffa gobe da safe lokacin zagayen likitoci ya ji da kunnensa. Mama, ƙwai nawa kike ba ɗanki a rana?